Tsohuwar mota: me za ka bari yadda yake, me za ka iya canzawa

Wanda ya mallaki motar da ta haura shekara talatin, kafin ya kira bakanike akwai hukuncin da ke jiransa: zai bar ta yadda ta fito daga kamfani, da tsufanta da tabonta, ko zai sa mata kayan zamani don ta yi daɗin tuƙi? Masu sha'awar tsofaffin motoci sun daɗe suna ja-in-ja a kan wannan. Ƙungiyar FIVA, wadda tun 1966 ta haɗa kan ƙungiyoyinsu na ƙasashe daban-daban, tana kiran mota ta tarihi idan ta kai shekara 30, an riƙe ta bisa kamanninta na asali, kuma ba da ita ake zirga-zirgar kullum ba. Yarjejeniyar Turin da ƙungiyar ta fara aiki da ita a 2013 ta ba da ma'auni mai amfani: canjin da ya zama dole, a yi shi ta hanyar da za a iya warware shi, a kuma rubuta abin da aka yi. Da wannan ma'aunin za ka auna kowane aiki.

Fara da sanin abin da ke hannunka

Kada ka kwance ko noti ɗaya sai ka ɗauki hoton motar ciki da waje, ƙarƙashi, cikin bonet, bayan dashbod, har takardun da aka manna a jikin ƙofa. Sannan ka kwafe lambar shasi da ta inji da ta giyabos, ka gwada su da bayanan kamfanin. Kamfanoni irin su Volkswagen da Mercedes-Benz suna ba da takardar da ke nuna yadda mota ta fito, da launinta da kayan da aka sa mata. Idan lambobin sun dace, wato injin da giyabos ɗin da aka haife ta da su ne, to darajarta ta bambanta da ta 'yar'uwarta da aka sauya wa inji.

Fenti ne ya fi yaudarar ido. Ka nemi na'urar auna kaurin fenti, ka auna wurare da yawa a kowane ɓangare. Fentin kamfani galibi yana tsakanin maikiron 100 da 200 (maikiron 1,000 ne milimita ɗaya). In ka ga 400, an sake fesawa. In ya doshi 1,000, akwai fila, wato abin cike lotsawar bodi, a ƙarƙashi, wataƙila tana rufe tsatsa ko tabon haɗari. Ƙaramin maganaɗisu da aka naɗe a ƙyalle ma yana aiki a bodin ƙarfe: inda ya ƙi kamawa, akwai fila. Ɗaga robar gilashi ka leƙa, domin mai fesa fenti ba kasafai yake kaiwa can ba.

Daga nan hanya ta rabu. Motar da fentinta, kujerunta da injinta duk na asali ne, ko da sun koɗe, ita ake adanawa. Sabon fenti kowa da kuɗinsa zai iya yi gobe, amma wanda kamfani ya fesa shekara hamsin da suka wuce, in aka kankare shi ya tafi ke nan. A 2024 wata Bugatti Type 59 ta 1934, wadda ba a sabunta ta ba, ita ta ɗauki babbar kyauta a gasar nunin tsofaffin motoci ta Pebble Beach a Amurka, karo na farko da mota daga rukunin waɗanda aka adana ta yi hakan. Motar da kuwa an riga an sake mata fenti sau biyu, injinta na wata ce, kuma irinta dubbai ne a duniya, mai ita yana da sararin yi mata canji ba tare da ya ɓata tarihi ba.

Idan adanawa za ka yi

Motar da ta daɗe a ajiye ba a murɗa mata makulli kai tsaye. Cire fulogai, ɗiga kamar cokali ɗaya na baƙin mai a kowace silinda, bar shi ya kwana biyu, sannan ka juya injin da sifana daga gaban karanshaf. In ya ƙi juyawa, kada ka tilasta shi da sitata, ringi zai karye ya kankari bangon silinda. Zubar da tsohon fetur, wanke tanki da kafireta, sauya baƙin mai da filta. Sai ka juya injin da sitata ba fulogai har fitilar mai ta mutu, kafin ka bar shi ya tashi. Da ya ɗumama ka auna matsin kowace silinda. Bambancin da ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari yana nuna bawul ko ringi ya gaji.

Tsohon fenti yawanci ba shi da rufin sheƙi na sama irin na motocin yanzu, launin ne a fili. Shi ya sa duk gogewar da ka yi da inji kana cin fentin ne, musamman a gefuna inda ya fi siranta. Wanke da hannu, goge a hankali, shafa kakin mota. Tsatsar da ke sama-sama a kankare ta kaɗan a tsayar da ita da maganin tsatsa, a fesa kakin kariya cikin ƙofofi da ramukan shasi. Wadda ta ci ƙarfen da ke ɗauke da nauyi dabam ce: a yanke wurin kawai, a yi waldar ƙarfe mai kauri iri ɗaya, a bar sauran. Ajiye motar inda laimar iska take wajen kashi 50 cikin ɗari, domin sama da 60 ƙarfe yana saurin tsatsa, in ta bushe ƙwarai kuma fata da katako su tsage. Leda mai hana numfashi tana tara gumi a jikin fenti, ƙyallen auduga ya fi.

Akwai kayan da ko mai tsananin son asali ba ya bari. Na farko shi ne taya: lambobi huɗun ƙarshe a gefenta mako ne da shekara, 2315 na nufin mako na 23 a 2015, kuma wadda ta kai shekara goma a sauya ta ko da zanenta sabo ne. Tiyon birki yana kumbura daga ciki ya riƙe birki. Man birki na DOT 3 da DOT 4 yana shan ruwa, a sauya shi duk shekara biyu, kuma in ya ɗiga a fenti yana cinye shi. Ba a haɗa su da DOT 5. Motocin Citroën masu koren mai na LHM kuwa, in aka zuba musu man birkin da aka saba, robobinsu gaba ɗaya sun lalace. Ƙurar tsohon takalmin birki tana iya ƙunsar asbesto mai cutar da huhu, don haka a jiƙa ta a goge, kada a hura ta da iska.

Fetur ma ya canza. An daina sayar wa motoci fetur mai dalma a duniya a 2021, kuma dalmar ce take kare mazaunin bawul a tofsilinda na baƙin ƙarfe. Mai tafiyar nesa da gudu sai ya sa a dasa mazauni masu tauri, aikin da ba a ganinsa daga waje. Fetur mai etanol kashi 10 yana cin tsohuwar roba yana kuma jawo ruwa cikin tanki, don haka tiyon fetur ya zama mai lamba J30 R9. Baƙin mai ya kasance mai isasshen sinadarin ZDDP mai hana ƙarfe cinyewa, wanda aka rage a man zamani alhali kamshaf na tsoffin injuna yana buƙatarsa.

Idan canji za ka yi

Raba canje-canje kashi biyu: na ɗaurawa da noti, da na yanka ko huda bodi. Na farko yana dawowa, na biyu ba ya dawowa.

Mafi sauƙi shi ne cire kwantak a sa na'urar lantarki a cikin distirbuta, ba abin da ake gani daga waje. Amma duba abu biyu tukuna. Yawancin motocin Ingila har zuwa tsakiyar shekarun 1960 ƙafar batir mai alamar ƙari ce ke haɗe da bodi, kuma na'urar da aka yi don akasin haka tana ƙonewa nan take. Kwayil ma ya dace da ita: akwai mai om 3, akwai mai om 1.5 da ke aiki da rezista. Ajiye kwantak ɗin a mota saboda ranar da na'urar ta mutu a hanya.

Dinamo, tsohon abin cajin batir, irin Lucas C40 amfiya 22 yake bayarwa, kuma ba ya caji sosai in inji yana salo. Altaneta tana magance wannan, har akwai wadda aka ƙera cikin kwanson dinamo don kada kamanni ya canza. Sai dai tsohuwar wayar caji ba a yi ta don wuta mai yawa ba. Ƙara mata kauri, sa fis, in ba haka ba gobara daga bayan dashbod take farawa. Masu gaggawar mayar da mota mai bolt 6 zuwa 12 su fara wanke kan batir da wayar da ke haɗa shi da bodi, sau da yawa nan ciwon yake. In an ce sai an canza, to ƙwayayen fitila, kwayil, injin waifa da agogon fetur duk suna buƙatar sauyi ko abin rage wuta.

Birki ya cancanci dogon tunani. Tsofaffin motoci da yawa layin man birki ɗaya gare su, tiyo guda ya fashe, birki duka ya tafi. Amurka ta wajabta birki mai layi biyu daga 1968, kuma sa masta (famfon da ke tura man birki) mai layi biyu canji ne da kusan ba mai jayayya da shi. Sauya birkin ganga zuwa na faifai ya fi rikitarwa. Mastar birkin ganga tana da bawul da ke riƙe ɗan matsi a layi, wanda zai sa birkin faifai ya riƙa gogawa yana zafi, sai an cire shi. Ana kuma buƙatar bawul mai daidaita gaba da baya, don kada tayoyin baya su riga kamewa motar ta juya. A gwada ko kalifa, wato abin da ke matse faifan birki, zai shiga cikin rim na asali kafin a saya. Bel ɗin kujera kuwa, in sai an huda, a sa farantin ƙarfe mai kauri ta ƙasa, domin ƙaramin zoben da ake sa wa noti kaɗai zai yage ƙasan motar ranar haɗari.

Sauya inji shi ne mashigin da ba a cika dawowa daga gare shi ba. Inji mai ƙarfi yana jawo sabon lagireto, giyabos, aksul, sufirin da birki, galibi kuma sai an yanka ramin giya. Doka ma tana shigowa. A Jamus lambar H ta motocin tarihi tana karɓar canjin da ya dace da zamanin motar, irin wanda ake yi a shekaru goman farkonta. A Birtaniya motar da ta wuce shekara 40 ana yafe mata gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, sai in an yi mata babban canji cikin shekaru 30 na baya. FIVA kuma ta bayyana a 2019 cewa motar da aka mayar mai aiki da lantarki ta fita daga ma'anar motar tarihi. Ka sanar da kamfanin inshora duk canjin da ka yi, domin ɓoye shi yana iya hana biyan diyya.

Duk abin da ka cire, ko da ya lalace, kada ka jefar. Wanke shi, shafa masa mai, rubuta sunansa da ranar da aka cire shi, sa shi a akwati tare da notukansa. Tsohon inji a ɗiga mai a silindoginsa, a toshe ƙofofinsa, a juya shi da hannu sau biyu a shekara. Hotuna da rasit su shiga fayil ɗaya da zai bi motar zuwa hannun mai saye na gaba.