Layin da ke fatar kunne: yadda ake duba shi da abin da ya kamata a yi

A 1973 wani likita ɗan Amurka, Sanders Frank, ya lura da wani layi a karkace a kunnuwan masu ciwon ƙirji na zuciya, can ƙasa inda mata ke hudawa su sa 'yan kunne. Shi ya sa likitoci ke ce masa alamar Frank.

In za ka duba, tsaya bakin taga da rana, ka sa wani ya ɗauki kunnuwanka biyu hoto da waya. Kada ka duba da tashinka daga barci, domin matashi kan bar shati wanda zai gushe. Mata su cire 'yan kunne tukuna: masu nauyi kan ja fata su bar tsaga a miƙe daga huda zuwa ƙasa, wannan ba shi ba ne. Layin da ake nufi yana farawa kusa da bakin ramin kunne, ya gangara baya a karkace har gefen fata. Wanda ya yi zurfi, ya ratsa fatar duka, kuma a kunne biyu, shi ya fi jan hankalin likitoci.

Sai dai fa kunne ba na'urar awo ba ne. Tsufa kaɗai kan kawo layin, don haka ganinsa a kunnen ɗan shekara 40 ya fi nauyi a kan na dattijo mai 75. Akwai masu layin da zuciyarsu lafiya lau, akwai kuma masu kunne sumul da jijiyoyinsu sun toshe. Kada wanda bai gani ba ya saki jiki.

To ka gani, sai me? Ka je awo. In kana Accra ta ƙasar Ghana, a kantin magani a unguwar Nima ko asibitin Mamobi za a auna maka jini. Zauna ka huta minti 5 kafin a ɗaura maka abin awon a hannu, kada ka shigo daga rana kana haki a auna. In ya kai 140 bisa 90 a ranaku daban-daban, hawan jini ne. Sukari kuwa da safe ake aunawa, bayan awa 8 ba ci, 7.0 mmol/L ko sama yana nuna ciwon sukari. Ka nemi awon kitsen jini ma, ka faɗa wa likita in kana shan taba ko akwai ciwon zuciya a danginku. In ya ga dalili, zai tura ka cibiyar zuciya ta asibitin Korle Bu da ke Accra.

Amma nauyi a ƙirji mai tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, da zufa da ƙarancin numfashi, wannan ba ya jiran duba kunne. A kira 112 nan take.