Yadda za ka shiga tseren keke na zagaye a hunturu ba tare da kwana ta cinye ka ba

Duk shekara, da zarar hazo ya sauko Akra wajen watan Disamba, sai in ga sababbin fuskoki a wurin tsere. Samari daga Nima, Mamobi, Fadama, wasu har daga Madina da Ashaiman, kowa da kekensa a goge, kowa yana cika baki cewa ya haye tudun Aburi bai sauke ƙafa ba. Kafin a yi zagaye shida sai ka gan su a gefen titi, sun dafa gwiwa suna haki. Ƙarfi kam suna da shi, wasu ma sun fi ni nesa ba kusa ba. Kwana ce, wato lanƙwasar hanya, take cinye su, shi ya sa a kanta zan fi daɗewa. Canza giya da cire taya ba zan koya maka ba, wanda bai iya waɗannan ba ya dakata tukuna.

Tseren zagaye, wanda Turawa ke kira kiriteriyom, ba irin na gari zuwa gari ba ne. Ana killace gajeriyar hanya, kilomita ɗaya ko biyu, a yi ta kewaya ta. Sau da yawa da lokaci ake aunawa: a ce minti 40 da ƙarin zagaye biyar, idan saura ɗaya a kaɗa ƙararrawa. A Ingila 'yan sha'awa suna irin wannan cikin tsakiyar sanyinsu, a filayen da aka gina domin keke kamar na Hillingdon da ke yammacin Landan, kuma sabon shiga a rukuni na 4 yake farawa. Su ruwa da ƙanƙara ne matsalarsu. Mu namu hunturun ƙura ce da bushewar maƙogwaro da yashin da iska ke tarawa a bakin titi.

Mataki na farko: keke, tun ana saura kwana uku

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kai wa mai gyara kekenka ranar Laraba idan tseren Asabar ne, don ka samu kwana biyu kana gwada abin da ya taɓa. Ya duba robar birki, ya ɗaure sifoku, ya tabbatar wili ba ya rawa. Kada ka damu da cewa naka na gwanjo ne, yawancinmu da waɗanda aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Tema muka fara. Idan kuɗinka na abu ɗaya ne kacal, sayi tayoyi masu kyau, ka bar maganar riga mai walƙiya. Tsohuwar tayar da ta ƙeƙashe ta tsattsage ba ta kama kwalta, komai sunan kamfanin da ke jikin keken.

Iska kuwa, daina cika taya har ta zama dutse. Samari suna ganin hakan ne gudu, alhali tayar da ta yi tauri da yawa tsalle take yi a kan tsakuwa maimakon ta lafe. Mai nauyin kilo 70 da taya mai faɗin milimita 25, lamba 80 zuwa 90 a ma'aunin famfo ta ishe shi. Sarƙa kuma kada ka kuskura ka zuba mata baƙin man mota, ko da kyauta bakanike ya ba ka. A wannan ƙurar, kafin ka isa wurin tsere ta zama kwaɓaɓɓen yashi mai cin haƙoran giya. Ɗiga mai kaɗan da daddare, da safe ka goge da tsumma har ta bushe.

Hular kwano dole ce, babu mai barin ka ka tsaya a layi babu ita. Idan tseren na hukumar tseren keke ta ƙasa ne, tambayi shugaban ƙungiyarku maganar rajista da lasisi da wuri.

Mataki na biyu: safiyar ranar

Ka ci abinci kafin asuba ko da zarar an sallame, don a samu awa biyu tsakani. Koko da burodi ko ayaba. Ƙosai da wake da shinkafa su jira ka dawo, na sha ganin wanda ya mayar da su a bakin kwata. Ruwa tun jiya ake fara sha, domin busasshiyar iskar nan tana shanye gumi kafin ka gan shi, sai ka ɗauka ba ka zubar da komai ba. Gora ɗaya ta isa tseren da bai kai awa ba. Shafa man kaɗanya a leɓe da bakin hanci, ka sa tabarau. Wanda ke da asma ko ciwon ƙirji, ranar da hazo ya yi kauri har rana ta koma kamar faranti, ya haƙura.

Ka isa da wuri, ka ɗumama jiki minti 20, har da gudu mai zafi sau biyu ko uku. Kuma ka kewaya hanyar a hankali kana duban ƙasa: ina rami, ina murfin kwata, wace kwana ce yashi ya kwanta. Sannan ka tsaya a sahu na biyu ko na uku. Kunya ba ta da amfani a nan.

Mataki na uku: kwana

Bari mu yi lissafi. A ce hanyar kilomita ɗaya ce mai kwana huɗu, ana tafiyar kilomita 36 a awa. Cikin minti 40 za a yi zagaye 24, wato kwana 96. Na gaban ayari yana shiga kwana da gudunsa, da ƙyar yake taɓa birki. Na bayansa ya ɗan taɓa, na bayan wannan ya ƙara dannawa, kafin abin ya kai wutsiya an kusa tsayawa cik. Da aka fito, na gaba sun riga sun yi nisa, sai na wutsiya ya miƙe tsaye ya buga feda iya ƙarfinsa don ya kamo su. Sau 96. Babu ƙirjin da zai jure wannan. Sabon shiga yana lafewa a baya yana ganin nan ne wurin hutu, bai san ya zaɓi aikin da ya fi na kowa nauyi ba. Ka zauna cikin goman farko, ko dai kashi ɗaya cikin uku na gaba, amma kada ka zama madugu.

Ni a tserena na uku na koyi sauran, kuma da fatar jikina na biya. Kwana ce ta hagu, a gangare kaɗan, yashi ya kwanta a gefen waje kamar an barbaɗa gari. Na shigo da gudun da ya fi ƙarfina, na riga na kwantar da keke sannan tsoro ya kama ni, na damƙe birkin gaba. Ban ma san lokacin da tayar ta zame ba. Abin da na tuna shi ne ƙarar feda tana kartar kwalta, da ɗumin da na ji a ƙugu kafin zafin ya iso. Wando ya yage tun daga ƙugu har cinya, tsakuwa ƙanana sun shige gwiwar hannuna, kuma na kayar da mutum biyu da ba su ji ba ba su gani ba. Wani dattijo cikinmu, wanda ya daɗe yana tsere tun muna yara, ya tsaya yana zuba mini ruwan leda a ciwon. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, “Ƙanena, birki a waje ake gama shi. In ka shiga kwana, hannunka ba shi da sauran aiki.” Na ce, “To, Yaya.” Sati uku ina kwana ta gefe ɗaya.

Ga yadda ake yi. Rage gudu tun keke yana tsaye sak, kafin ka karkata. A nan ne kuma za ka sauko da giya ɗaya ko biyu, don kada ka fito kana kokawa da mai nauyi. Hannu a ƙasan lanƙwasar kan keke, yatsa ɗaya ko biyu a kan birki. Fedar da ke ɓangaren cikin kwana ta koma sama, ta waje ta sauka ƙasa, ka danna nauyinka a kanta sosai. Idan ka bar ta ciki a ƙasa za ta daki kwalta ta ɗaga tayar baya, daga nan sai Allah. Idonka a mafita. Inda ka kalla nan keke zai je, wanda ya zuba wa kwata ido a cikinta zai kwana.

Idan kai kaɗai ne, daga waje ake shiga, a yanki ciki, a fita ta waje. Cikin ayari ba haka ba ne. Layin da ka shigo da shi, shi za ka riƙe har ka fita, domin akwai mutum a damanka da hagunka ko ba ka gan su ba. Kuma wannan ɗabi'ar ta kutsowa ta ciki a daidai bakin kwana don a wuce mutum uku, irin ta direban motar haya ta trotro a shataletalen Sakul, a bar ta. Ita ce ta fi kowace jawo zagi da faɗuwa.

Idan yashi ya riske ka ba shiri, kada ka taɓa komai. Ɗan miƙar da keke, ka bar shi ya ratsa, sannan ka sake karkata. Wannan ba a koyonsa da karatu. Samu fili mara motoci da sassafe, ka jera gorunan ruwa huɗu, ka yi ta kewaya su dama da hagu kana ƙara gudu kaɗan-kaɗan. Rabin awa sau biyu a sati ya fi maka hawan Aburi amfani a wannan tseren, ko da yake na san ba za ka yarda ba sai ka gani.

Mataki na huɗu: bin taya

Wanda ya lafe a bayan wani yana rage kusan kashi 30 cikin 100 na wahalarsa, domin a irin wannan gudun yawancin ƙarfinka iska kake turewa da shi. Ka bar tazarar kamu biyu zuwa uku, ka riƙa kallon bayan mutumin da abin da ke gabansa, ba tayarsa ba. Kada tayarka ta gaba ta shiga gefen tasa ta baya. In ya ɗan kauce suka gogu, shi ko ji ba zai yi ba, kai ne za ka sha ƙasa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka lura da ɓangaren da take dukan ka a kowane miƙe, ka ɓuya ta ɗaya gefen. Idan layi ya kawo ka gaba, ja na ɗan lokaci, ka yi alama da gwiwar hannu, ka kauce. Masu kallo ba za su biya ka ladan jan ayari ba.

Waɗanda suka je kallon gasar Afirka da aka yi a nan Akra a watan Fabrairun 2023, wadda Henok Mulubrhan na Eritiriya ya lashe tseren maza, sun ga yadda manya ke rowar ƙarfinsu. Ba sa shan iska sai da dalili.

Ƙarshen tsere

In ayari ya tsinke maka ya bar ka a baya, kada ka sauka. Nemi wasu da aka bari ku haɗu ku yi ta karɓa-karɓa. Ayari ya kewayo zai wuce ka, tsaya a layinka ka ba su hanya, in alƙali ya ce ka fita, ka fita ba musu. In kuwa kana ciki har saura zagaye biyar, fara matsawa gaba tun lokacin, domin bayan ƙararrawa babu mai ba ka wuri. Wanda ya fito kwanar ƙarshe a na goma sha biyar ba zai ci ba. A gudun ƙarshe ka tafi sak, kai a ɗage, kuma kada ka ja birki da zarar ka haye layi, akwai mutane a bayanka.

Ka yi zagaye ɗaya ko biyu a hankali, ka sha ruwa, ka cire fil ɗin lambarka ka adana su don tsere na gaba. Da ka isa gida goge sarƙa kafin ka nemi mai wake da shinkafa, in ba haka ba sai Laraba za ka tuna da ita.