Yanke sifirin don mota ta kwanta ƙasa: ɓarnar da na gaji da gani

Da saurayi ya mallaki motarsa ta farko, abin da ke fara tsone masa ido shi ne ratar da ke tsakanin taya da bodi. Yana so motar ta kwanta ƙasa kamar ta tsere, kuɗin sayen gajeren sifirin da aka ƙera don haka kuma babu. Sai wani ya ce masa ai da sauƙi, a yanke na jikinta. Daga nan kurakuran iri ɗaya ne, kamar sun haɗa baki.

Yawancinsu sun ɗauka tsayin mota kaɗai suke ragewa. Sifirin doguwar sandar ƙarfe ce da aka nannaɗe, kuma in nauyi ya danne shi, murɗa sandar yake yi. Gajeriyar sanda ta fi wuyar murɗawa. In sifirin yana da zagaye 8 masu aiki ka cire ɗaya, taurinsa ya ƙaru da kusan kashi 14 cikin ɗari. Shi kuwa shokazoba, da tsohon taurin aka auna shi, ga shi yanzu a danne yake tun motar tana tsaye, hanyar da zai yi sama ta ragu. Da ka faɗa rami sai ya doki robar da ke tare shi, motar ta yi tsalle. Tayar da ke sama kuwa ba ta kama birki, ba ta shan kwana.

Amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wuta. Wasu da wutar walda suke yankan, wasu ma ba sa yankewa, sai su bar sifirin a jikin mota su gasa shi har ya yi ja, nauyin motar ya danne shi ya zauna. Haba ƙanena! Ƙarfen nan a masana'anta an ƙona shi, an sanyaya shi, an sake dumama shi a kan ma'auni, shi ya sa yake lanƙwasa ya dawo. Ka sa masa wuta, ka rushe wannan aikin gaba ɗaya. Wurin da ya sha zafi ko dai ya yi laushi ya riƙa zama a hankali, ko ya yi gautsi ya jira ranar karyewa. Ni kaina an taɓa yi mini haka a wata tsohuwar motata, ina tsaye ina yaba gwanintar mai aikin. Ba a jima ba gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka, sitiyari ya fara ja, daga baya sifirin gaba ya tsinke, tsinin ya yaga gefen taya. Allah ya sa ba gudu nake yi ba. Na sayi sifirin, na sayi shokazoba, na sayi taya, kuɗin ya ninka abin da na guje wa tun farko. Tun daga nan, in na ga sifirin da fentinsa ya ƙone ya canza launi, ba na muhawara da kowa, bola zai tafi.

Na biyu a muni, yanke sifirin har ya daina cika mazauninsa. Sifirin asali a matse yake ko da taya tana lilo a sama. Wanda aka rage da yawa kuwa, nauyin mota ne kaɗai ke riƙe da shi. Ka hau tudu da gudu tayar ta saki, sai ya goce daga mazauninsa, ya dawo a karkace ko ya fice. Gwajina ɗaya ne: in ɗaga motar har tayoyin su bar ƙasa, in kama sifirin da hannu in girgiza. In ya motsa, motar nan ba ta hawa titi. Sannan ka dubi bakinsa kafin ka taɓa komai. Akwai mai bakin da aka daddale ya kwanta, akwai wanda zagayensa na ƙarshe ya tsuke ya ƙanƙance, kuma an yi mazaunin kowanne daidai da bakinsa. Ka yanke irin waɗannan, ba za su ƙara zama daidai ba har abada.

Sauran ƙanana ne, amma ana yin su kullum. Yanka da ido ba awo, hagu ta fi dama. Mantawa da cewa a motocin da sifirin ke zaune a tsakiyar hannun taya, ɗan abin da ka cire ya fi haka yawa in ya iso taya. Barin bakin yankan ba fenti, tsatsa ta samu ƙofa. Ƙin kai motar saitin tayoyi bayan an sauke ta, sai cikin taya ya cinye, wajen yana sabo. Fitilun gaba ma saitinsu ya canza. Tukunyar baƙin mai da salansa kuma sun matso kusa da kowane dutse.

Wanda ke kwance notin saman shokazoba ba tare da ya ɗaure sifirin da abin matse shi ba, wannan da ransa yake wasa. Ƙarfin da ke ɗauke da kusurwar mota ne zai fito masa a fuska.

Batun doka kuwa, kowace ƙasa da nata tsarin, kada ka dogara da "ai kowa yana yi". A Jamus, kayan da aka canza a ƙafar mota sai suna da takardar gwaji, sau da yawa kuma sai masu duba mota irin su TÜV sun gani sun amince. Yankakken sifirin ba shi da wannan takarda, izinin hawa titi na motar yana faɗuwa. A Birtaniya, gwajin MOT na shekara-shekara yana kayar da motar da sifirinta ya karye, ko bai zauna daram ba, ko aka yi masa gyara mai haɗari. A Ostareliya ana son aƙalla milimita 100 tsakanin ƙasa da cikin mota a kusa da tayoyi. A Amurka kowace jiha da ƙa'idarta, wasu tsayin fitila ko na bamba suke aunawa.

Inshora ita ce wadda ake mantawa da ita sai an yi haɗari. Ka canza ƙafar mota ba ka sanar da kamfanin ba, suna iya ƙin biya in mai bincikensu ya leƙa ƙasa ya ga bakin yanka.

Abin da nake yi yanzu in ina son mota ta sauko: in sayi gajeren sifirin da aka ƙera wa wannan samfurin motar, in haɗa shi da shokazoba mai gajeriyar tafiya, in tsaya a santimita 3 ko ƙasa da haka, in kai ta saiti, in ajiye takardun kayan a cikin mota. In kuɗin bai kai ba, motar ta ci gaba da zama a tsayinta har ya kai.