Yadda Ake Amfani da Waƙoƙin Tuna Mutuwa Wajen Lallashin Wanda Aka Yi wa Rashi da Gyara Rayuwar Mai Rai

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mutumin da aka yi wa rasuwa ya san lokacin da magana take ƙarewa. An yi addu'a, an ce Allah ya jiƙan mamaci, an ce Allah ya ba da haƙuri, sai kowa ya yi shiru yana kallon ƙasa, domin abin da ke cikin zuciyar mai rashin ya fi ƙarfin kalmomin yau da kullum. A irin wannan gurbi ne waƙa take shiga, kuma ta daɗe tana shiga a harsuna da dama. Sai dai waƙar da ta dace da wani lokaci tana iya zama gishiri a kan gyambo a wani lokacin, don haka sanin yadda ake zaɓenta da yadda ake miƙa ta ya fi yawan baitocin da mutum ya haddace muhimmanci.

Abu na farko shi ne ka rarrabe tsakanin iri biyu da mutane suke yawan cakuɗawa. Akwai marsiyya, wato waƙar da ake yi wa wani mamaci takamaimai, a ambaci halinsa, a bayyana kewarsa, a yi masa addu'a. Akwai kuma waƙar wa'azi ko ta zuhudu, wadda ba ta da wani mamaci a gabanta, mai sauraro take nufi, tana tuna masa cewa makara da likkafani suna jiransa. A adabin Larabci, Khansa'u ta shahara da iri na farko saboda marsiyyoyin da ta yi wa ɗan'uwanta Sakhru, shi kuwa Abul Atahiya, wanda ya rayu a Bagadaza a zamanin Halifa Haruna Rashid, ya shahara da na biyu. A Hausa ma duka biyun suna nan, kuma wanda ya saurari Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi ya san yadda baitin wa'azi yake sa jiki ya yi sanyi.

Marsiyya ta mai rashi ce, waƙar wa'azi kuwa taka ce kai da ka je gaisuwa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki baitoci masu siffanta duhun kabari da tambayar mala'iku da ruɓewar jiki a karanta wa uwar da ta binne ɗanta jiya. Ita ba ta bukatar a tuna mata cewa mutuwa gaskiya ce, domin ta fi kowa sani a wannan ranar, kuma duk abin da aka faɗa game da kabari, ɗanta za ta hango a ciki. A ganina, mafi yawan masu yin haka ba mugunta ce take sa su ba, shirun wurin ne yake damunsu, sai su cike shi da abin da ya fara zuwa bakinsu.

Idan za ka zaɓi marsiyya ko wasu baitocin lallashi, ka auna su da ma'auni biyu. Na ɗaya, su bar wa hawaye hanya. Na biyu, kada su kai ga jayayya da hukuncin Ubangiji ko kururuwar da addini ya hana. Musulmi suna da misali bayyananne a hadisin da Bukhari ya ruwaito, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba za a faɗi komai ba sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Waƙar da take umartar mai rashi da ya share hawayensa nan take ta faɗi a ma'auni na farko, wadda kuma take zargin ƙaddara ta faɗi a na biyu. Ka kuma lura da aƙidar wanda kake lallashi. Kirista zai fi samun natsuwa a Zabura, wadda ita ma waƙa ce, musamman ta 23 da ta 90, fiye da baitin da bai san tushensa ba.

Dalilin da ya sa waƙa take yin abin da zance ya kasa ya cancanci a tsaya a kansa, domin fahimtarsa ce za ta nuna maka yadda za ka karanta. Baƙin ciki ba shi da tsari, yana zuwa ne a birkice, tunani yana hawa kan tunani, mutum ya rasa inda zai kama. Waƙa kuwa tana da kari, tana da amsa-amo, kowane ɗango, wato layin waƙa, yana da iyaka, kowane baiti yana da inda yake sauka. Mai sauraro yakan samu kansa yana jan numfashi daidai da karin, kunnensa yana jiran harafin da zai rufe baitin, kuma harafin yana zuwa kamar yadda aka yi alkawari. Ga wanda duniya ta saɓa masa alkawari a 'yan kwanakin nan, wannan ƙaramin cika alkawari ba abin rainawa ba ne. Bayan haka, baiti yana zama a ƙwaƙwalwa. Nasihar da aka yi da rana takan watse kafin dare, amma ɗango biyu masu amsa-amo suna iya dawowa da kansu da tsakar dare, lokacin da masu gaisuwa duk sun tafi, wato lokacin da aka fi bukatarsu.

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan zurfi. Mai rashi yakan ji kamar shi kaɗai ne aka taɓa yi wa irin wannan. Idan ya ji mawaƙin da ya rayu shekaru ɗaruruwa kafin shi yana siffanta ainihin abin da yake ji, sai ya gane cewa hanyar da yake kai wasu sun bi ta, sun kuma kai wani wuri. Ibnur Rumi, mawaƙin Larabci, ya yi wa ɗansa na tsakiya, Muhammadu, marsiyya a ƙarni na 9 na Miladiyya, kuma har yau uban da ya rasa yaro yana iya ganin kansa a cikinta.

Game da lokaci, kada ka yi gaggawa. A kwanakin farko, zamanka da taimakonka sun fi kowace waƙa amfani. Ka jira har hayaniya ta lafa, mutane su koma harkokinsu, domin a nan ne kewa take fara cizo da gaske. Sa'annan ka miƙa kaɗan, baiti biyu ko uku, ko a rubuce ko da baki. Idan da baki ne, ka karanta a hankali da murya ƙasa-ƙasa, ka bar shiru tsakanin baiti da baiti, kuma idan ka gama kada ka shiga sharhi ko tambayar ko ya ji daɗi. In ya yi kuka, ka ƙyale shi. In ya ce ka daina, ka daina ba tare da jin haushi ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wasu sun fi so a bar musu takarda su karanta su kaɗai, kuma wannan ma daidai ne.

Tarihin mawaƙin Ingila Alfred Tennyson yana nuna tsawon lokacin da abin yake iya ɗauka. Amininsa Arthur Hallam ya rasu a 1833 yana da shekara 22, Tennyson kuwa bai fitar da doguwar marsiyyar da ya yi masa ba sai a 1850, bayan shekara 17 yana rubuta ta kashi-kashi. Da Sarauniya Biktoriya ta rasa mijinta Albert a 1861, wannan waƙar tana cikin abubuwan da ta samu sauƙi a cikinsu. Wanda ya san haka ba zai ce wa mai rashi ai ya kamata a ce ya manta bayan wata biyu ba.

Idan kai ne za ka tsara marsiyyar, ko don kanka ko don wani, ga abin da na ga ya fi aiki. Ka fara da tattara ƙananan abubuwa na gaskiya game da mamacin kafin ka nemi kari ko amsa-amo: yadda yake gaisuwa, abin da yake yawan faɗa, wanda ya taimaka wa ba tare da kowa ya sani ba, wurin da ya saba zama. Kalmomi irin su "mai haƙuri" da "mai kyauta" ana faɗa wa kowane mamaci, don haka ba sa taɓa zuciya sai an nuna su a aikace. Ka kwatanta cewa "mun yi babban rashi" da ɗango biyu irin waɗannan:

Kujerarki na nan inda kika bar ta,
Mun kasa hawa, mun kasa ɗauke ta.

Ba a ambaci baƙin ciki da sunansa ba, amma duk wanda ya taɓa shiga ɗakin da mai shi ya tafi ya san abin da ake nufi.

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864 kuma ta yi waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa, abar koyi ce a wannan fanni. Ta yi marsiyya ga ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, da mijinta Waziri Giɗaɗo, da aminiyarta A'isha. Abin lura shi ne cewa a yabon mamatanta ta fi karkata ga kyawun hali da ilimi da tausayin na ƙasa fiye da mulki ko nasarar yaƙi. Da haka marsiyyar take yin aiki biyu a lokaci guda, tana lallashin waɗanda aka bari, tana kuma nuna musu abin da ya kamata su gada. Ka bi wannan hanya, amma kada ka yi ƙarya. Idan ka jingina wa mamaci halin da kowa ya san ba nasa ba ne, masu sauraro za su yi shiru don kunya, waƙar kuma ta mutu a nan.

Dangane da tsari, mai farawa ya fi samun sauƙi da ƙwar biyu, wato baiti mai ɗango biyu, da amsa-amo guda da zai riƙe har ƙarshe. Ka zaɓi harafin da yake da yalwar kalmomi don kada neman amsa-amo ya tilasta maka faɗin abin da ba ka nufa. Ka rera kowane baiti da baki kafin ka amince da shi, domin kunne yana kama karyewar kari da ido ba ya gani. Baiti goma masu rai sun isa. Ka rufe da addu'a, kamar yadda magabata suka saba.

Yanzu sai ɓangaren da ya shafe ka kai mai rai, inda waƙar wa'azi take da gurbinta. An ruwaito a hadisin Tirmizi umarnin a yawaita tuna mai yanke jin daɗi, wato mutuwa. Manufar ba ita ce mutum ya zauna cikin fargaba ba, manufar ita ce ya san cewa kwanakinsa ƙidayayyu ne, ya daina kashe su a kan abin da ba zai so a ambata a bayansa ba. Hanyar da za ka bi ita ce ka zaɓi waƙa ɗaya, ka karanta kaɗan daga cikinta a lokacin da hankalinka yake kwance, sa'annan kafin ka tashi ka ɗaura abin da ka ji a kan wani aiki guda da za ka iya yi a wannan makon. Idan baitin ya yi magana a kan haƙƙin mutane, ka tuna bashin da ka daɗe kana ɗagawa. Idan a kan zumunci ne, ka kira ɗan'uwan da kuka yi shekara ba ku gaisa ba. Idan a kan zuwan ajali ba sallama ne, ka rubuta wasiyyarka, domin Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa bai kamata wanda yake da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce ba. Jikin da ya yi sanyi da jin waƙa yakan koma yadda yake cikin awa ɗaya idan ba a ba shi aiki ba.

Wata dabara kuma ita ce ta Maliku ɗan Raibi, mawaƙin Larabawa da ya yi wa kansa marsiyya lokacin da ya ji ajali ya riske shi a hanyar dawowa daga Khurasan. Ba sai ka jira irin wannan hali ba. Ka zauna ka rubuta baitoci biyar da za ka so a iya faɗa a kanka da gaskiya, sa'annan ka duba nawa ne daga cikinsu za a iya faɗa idan yau ce ranar. Waɗanda ba za a iya faɗa ba tukuna, su ne jerin ayyukanka. Hadisin da Muslim ya ruwaito game da abubuwa uku da ba sa yankewa bayan mutuwa, wato sadaka mai gudana da ilimi mai amfani da ɗa nagari mai addu'a, yana iya zama maka ginshiƙin waɗannan baitoci.

Akwai iyaka ga abin da waƙa take iya yi, kuma wajibi ne mai lallashi ya san ta. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundinta na rarraba cututtuka da ya fara aiki a 2022, ta amince da cewa akwai juyayi mai tsanani da yake wuce aƙalla wata shida yana hana mutum gudanar da rayuwarsa, kuma ta ɗauke shi a matsayin lalurar da ake dubawa. Idan ka ga wanda kake lallashi ya daina cin abinci da barci, ya ƙaurace wa mutane, ko ya fara cewa gara ya bi mamacin, to ka ajiye waƙoƙin tuna mutuwa gaba ɗaya, domin a wannan hali suna iya ƙara masa nauyi. Ka sanar da makusantansa, kada a bar shi shi kaɗai, kuma a kai shi wurin likita ba tare da ɓata lokaci ba.