Ga Sabon Zuwa Rasha: Gwamnati Daban, Maƙwabcinka Daban

Duk Bahaushen da ya biyo ta Istanbul ko Alƙahira ko Addis Ababa ya sauka a Mosko da takardar shiga jami'a a hannu, yakan iso ne da wata Rasha da ya riga ya gina a zuciyarsa tun yana gida, kuma yawancin tubalin ginin daga rediyo ya samo su. Mu mutane ne masu sauraron rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, na Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, na Faransa kuma a 2007, don haka tun daga kakanninmu har zuwa kanmu, mafi yawan abin da muka ji game da wannan ƙasa ya biyo ne ta bakin waɗanda suka daɗe suna zaman doya da manja da ita. A zamanin Tarayyar Sobiyet Rediyon Mosko ma yana da sashen Hausa, amma bai taɓa samun shiga gidaje kamar yadda London ta samu ba. Ƙanina, ina rubuta maka wannan ne domin na ga sababbin zuwa da yawa sun ɓata watanninsu na farko suna neman Rashar rediyo a fuskokin mutanen da suke kwana suna tashi tare da su.

Ba na cewa gidajen rediyon nan ƙarya suke shara wa jama'a. Yaƙin da sojojin Rasha suka ƙaddamar a kan Yukren ranar 24 ga Fabrairun 2022 gaskiya ne, garuruwan da aka rusa gaskiya ne, 'yan adawar da aka ɗaure ma gaskiya ne. Matsalar tana cikin zaɓen abin da za a faɗa da abin da za a bari. Ƙasar da ke da faɗin kusan murabba'in kilomita miliyan 17, da bambancin lokaci har kashi 11 daga gabas zuwa yamma, da ƙabilu fiye da 190, takan shiga labarai ne kawai idan fadar Kremlin ta yi magana ko makami ya tashi. Mai sauraro kuwa, da yau da gobe, sai ya fara jin kalmar "Rasha" yana ganin mutum ɗaya, ya manta da malamar makaranta a Tambov da direban bas a Kazan. Mu ya kamata mu fi kowa gane wannan ciwo, domin shekara da shekaru duk baƙon da ya ji an ce arewacin Najeriya, abin da ke faɗo masa a rai shi ne Boko Haram, alhali mun san garuruwanmu cike suke da kasuwanni da bukukuwa da makarantu waɗanda babu ɗan jaridar da ya taɓa tsayawa a kansu.

A watannin farko na yaƙin, haɗa gwamnati da talakawa a kwando ɗaya ya kai wani matsayi da ya ba mutane da yawa mamaki. Hukumomin FIFA da UEFA sun dakatar da ƙungiyoyin ƙwallon ƙafar Rasha ranar 28 ga Fabrairun 2022, gasar Wimbledon ta hana 'yan wasan ƙasar shiga a shekarar, wata jami'a a Milan ta yi yunƙurin soke darussa kan marubucin Rasha Dostoyevski wanda ya rasu tun 1881, kafin surutun jama'a ya sa ta janye, har wata ƙungiyar masu kiwon kyanwa ta duniya ta hana kyanwoyin Rasha shiga gasanninta. A daidai lokacin ne wani wakilin gidan talabijin na CBS ya tsaya a Kiyef, babban birnin Yukren, yana cewa wannan wuri ne mai ɗan wayewa, na Turawa, ba kamar Iraƙi ko Afganistan ba, maganar da daga baya ya nemi afuwa a kanta. Kuma a makon ne ɗalibai 'yan Afirka masu gudun yaƙi suka koka cewa ana mayar da su baya a tashoshin jirgin ƙasa da kan iyaka, har Tarayyar Afirka ta fitar da sanarwar nuna damuwa. Rashawa da yawa, har da waɗanda ba su goyon bayan yaƙin, suna riƙe da waɗannan abubuwa a zuciya, kuma za ka ji su a bakinsu.

Sai dai akwai wata Rasha ta biyu da wasunmu ke zuwa da ita, wadda ita ma ba ta fi ta farko kusa da gaskiya ba. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an ga tutocin Rasha a titunan Yamai, a zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 kuma an gan su a Kano, har aka kama telolin da suka ɗinka su. Matashin da ya fito daga wannan yanayi yakan zaci ya zo ƙasar da kowa ke ƙaunar Afirka kuma kowa ke alfahari da shugabansa, sai ya buɗe hira da yabon Putin yana tsammanin za a rungume shi. Na taɓa ganin wani sabon zuwa ya yi haka a ɗakin girkin masaukinmu, gaban wata ɗaliba mai karatun likita. Ba ta ce masa uffan ba, ta kashe wutar tukunyarta, ta ɗauke ta da taliyar da ba ta gama dahuwa ba, ta fita. Sai daga baya muka ji cewa yayanta yana cikin mutum 300,000 da aka kira aikin soja bayan sanarwar 21 ga Satumban 2022.

Wannan shiru nata shi ne abu na farko da ya kamata ka koyi karantawa. Tun ranar 4 ga Maris 2022 akwai dokar da ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 15 ga wanda aka samu da yaɗa abin da hukuma ta kira labarin ƙarya game da sojoji, akwai kuma tara ga wanda aka ce ya zubar da mutuncin rundunar, kuma a hukumance sunan abin da ke gudana shi ne "aikin soja na musamman". A watan ne aka rufe gidan rediyon Ekho Moskvy, jaridar Novaya Gazeta ta dakatar da fitowa, aka toshe shafukan BBC da na Jamus da Muryar Amurka, aka toshe Facebook da Instagram, kamar yadda Tarayyar Turai ita ma ta haramta kafofin yaɗa labaran gwamnatin Rasha, RT da Sputnik, a ƙasashenta. An kama dubban mutanen da suka fito zanga-zangar ƙin yaƙi. Saboda haka idan ka tambayi Barashe ra'ayinsa ya ce maka shi ba ruwansa da siyasa, kada ka fassara amsar da goyon baya, kada kuma ka fassara ta da adawa. Ƙuri'un jin ra'ayi na cibiyar Levada, wadda gwamnati da kanta ta lakaba wa sunan wakiliyar ƙasashen waje tun 2016, sukan nuna kusan kashi uku cikin huɗu suna goyon bayan sojoji, kuma ba na shakkar cewa masu goyon bayan da zuciya ɗaya suna da yawa. Amma ka tambayi kanka abin da kai za ka amsa idan baƙuwar murya ta kira ka a waya tana tambayarka abin da amsarsa za ta iya kai ka gaban alƙali.

Kai da kake baƙo, dokar nan ta fi ƙarfi a kanka, domin bayan tara akwai kora daga makaranta da kora daga ƙasa. Kada ka rubuta komai game da yaƙin a VK, dandalin sada zumuntar Rasha, ko Telegram, kada ka tura hoton barkwanci a zauren ajinku, kada ka tsaya kallo inda ka ga taro da 'yan sanda, kada kuma ka ɗauki hoton barikin soja ko wurin da jirgi maras matuƙi ya faɗo don ka aika wa 'yan uwa a gida. Baki shi ke yanka wuya. Fasfonka da katin shige da fice da takardar rajistar masauki su kasance a aljihunka kullum, domin tun bayan harin da aka kai zauren wasanni na Crocus a gefen Mosko ranar 22 ga Maris 2024, wanda ya halaka mutum fiye da 140, binciken takardun baƙi ya tsananta, musamman a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa da kewayen masallatai ranar Juma'a.

Game da mutanen su kansu, abin da zai fara damunka shi ne ɗaure fuska. Mu da muka saba da gaisuwa mai tsawo, a tambayi gida a tambayi gajiya, mukan ɗauki rashin murmushin mai kanti a matsayin ƙiyayya, nan take kuma sai maganar rediyo ta dawo mana cewa dama an ce mutanen nan ba su da fara'a. Alhali su a al'adarsu dariya ba dalili alamar wauta ce, har karin magana suke da shi a kan haka. A ƙofar masaukin da na fara zama akwai wata dattijuwa mai gadi wadda ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata da abin da ya wuce gyaɗa kai ba, maganarta ta farko da ni kuwa faɗa ne, ranar da ta ga zan fita cikin sanyin Nuwamba babu hula. Da zazzaɓi ya kwantar da ni a hunturun, ita ce ta hau bene har hawa na huɗu da ƙafarta mai ciwo, ta kawo mini shayi da kwalbar 'ya'yan itace da ta dafa da sukari da hannunta, ta tsaya a kaina sai da na shanye, tana ta mita cewa uwata ba ta aiko ni nan don in mutu ba. Talabijin ɗin da ke ɗakin gadinta kullum a kan tashar gwamnati yake, kuma na tabbata ta yarda da yawancin abin da take ji a ciki. Har na bar gidan ban taɓa tambayarta ba, ita ma ba ta taɓa tambayata ba.

Idan kana son ka fahimci dalilin da ya sa irin wannan dattijuwa take kallon Yamma da zargi, ka saurare ta a ranar 9 ga Mayu, ranar da suke tunawa da nasararsu a yaƙin duniya na biyu. Tarayyar Sobiyet ta rasa mutum kusan miliyan 27 a yaƙin duniya na biyu, birnin Leningrad, wato San Fitasbag ta yau, ya yi kwana 872 a kewaye cikin yunwa, kuma da wuya ka sami gidan da ba shi da hoton wani kaka da bai dawo ba. Sannan akwai shekarun 1990, lokacin da kuɗin ajiyar mutane ya zama takarda, albashi ya riƙa makalewa wata da watanni, a daidai lokacin da jaridun Yamma ke yabon sauyin da ake yi. Gwamnati tana amfani da waɗannan raunuka don biyan buƙatarta, wannan a fili yake, amma raunukan na mutanen ne, kuma wasa da su rashin ladabi ne da ba a saurin yafewa.

Kada kuma kyautatawar da za ka gani ta sa ka zubar da duk gargaɗin da ka ji. Wariyar launin fata tana nan. A shekarun 2000 'yan daba masu aske kai sun kashe ɗalibai baƙi, ciki har da wani ɗan Senegal da aka harbe a San Fitasbag a 2006, kuma ko da yake abin ya ragu sosai, har yanzu za ka ga tallan gidan haya da aka rubuta cewa Silabawa, wato Rashawa da danginsu fararen fata, kawai ake so. Haka nan rahotannin da kafofin Yamma suka bayar game da ɗaukar 'yan Afirka aikin yaƙi ba ƙage ba ne: wani ɗalibi ɗan Zambiya da aka ɗauko daga kurkuku ya mutu a fagen daga a 2022, kuma an yaudari 'yan mata daga ƙasashen Afirka da sunan koyon sana'a a Alabuga ta jihar Tatarstan, suka tsinci kansu suna haɗa jirage marasa matuƙa. Duk wanda ya zo maka da maganar albashi mai tsoka ko takardar zama ɗan ƙasa cikin sauri, ya miƙo maka kwantiragi da Rashanci, kada alƙalaminka ya taɓa takardar sai wanda ka amince da shi ya karanta maka ita layi bayan layi.

Abin da zai fi saurin rushe maka duka hotunan biyu shi ne harshe, don haka shekarar share fagen da za a koya maka Rashanci kada ka ɗauke ta hutu. Ka koyi kiran malaminka da sunansa haɗe da na mahaifinsa, ka yi masa magana da lamirin girmamawa, ka cire takalmi idan an gayyace ka gida, kada ka miƙa hannu a bakin ƙofa, kuma idan za ka kai furanni kada adadinsu ya rabu biyu daidai, domin irin wannan na makabarta ne. Ranar Sallah ka yi sammako ka tafi babban masallacin Mosko da ke kusa da tashar Prospekt Mira, wanda aka sake buɗewa a 2015. Yana ɗaukar mutum 10,000, amma sahu yakan cika tituna, Tatar da Cecen da Dagistanawa da Uzbek kafaɗa da kafaɗa. Ka tafi da dardumarka da safa mai kauri, domin mai yiwuwa a kan kwalta za ka yi sujada, kuma ka isa da wuri saboda layin binciken 'yan sanda yana da tsawo.