Kula da Sukari Lokacin Sallah ga Masu Allurar Insulin

Ranar Sallah lokacin cin abinci yakan rikice, sukarin jini ma haka. Kada ka bar allurar dogon zango, wato insulin mai daɗewa yana aiki a jiki, ko sau ɗaya. Barinta na iya kawo ketoasidosis, wato taruwar asid mai haɗari a cikin jini. Soyayyen nama ba ya ɗaga sukari nan take, kitsensa na jinkirta narkewar tuwo da waina, sai sukari ya hau bayan awa 3 zuwa 5. Ka sake aunawa kafin barci.

Yawon gaisuwa a ƙafa kuma yana saukar da sukari. In ya gaza 70 mg/dL a na'urar auna sukari, sha rabin kofin lemo mai zaƙi, ka auna bayan minti 15. Kada ka bar insulin cikin mota da rana, zafin da ya wuce digiri 30 yana lalata shi.