Yadda ake auna labari da jita-jita kafin sayen hannun jari

Daɗin labari ba shi ke ɗaga farashi ba. Abin da ke motsa shi shi ne tazarar da ke tsakanin labarin da abin da kasuwa ta riga ta sa rai. Kamfani kan sanar da ƙarin riba na kashi 20 cikin 100, farashinsa ya faɗi, don masu nazari sun yi hasashen 30. Saboda haka kafin rahoton ribar kamfani na wata uku-uku ya fito, nemo hasashen ka rubuta, ka kuma duba ko farashin ya hau a makonnin baya. In ya hau sosai, waɗanda suka saya tun ana raɗe-raɗi za su sauke kayansu ranar sanarwa, kai kuwa ka kwasa da tsada.

Kowane labari ka bi shi har tushe: sanarwar kamfanin a shafin kasuwar da aka yi masa rajista, ko takardar da ya miƙa wa hukumar sa ido. Babban sunan kafar labarai kaɗai bai isa ba. Ranar 23 ga Afrilu 2013 aka yi kutse a shafin Twitter na kamfanin dillancin labarai na AP, aka wallafa cewa an samu fashewa a fadar White House. Ma'aunin Dow Jones, mai auna farashin hannun jarin manyan kamfanonin Amurka, ya zube da maki kusan 140, ya farfaɗo cikin 'yan mintuna. Wanda ya sayar a firgice shi ya kwana ciki.

Ƙananan kamfanonin da cinikin hannun jarinsu bai da yawa su ne abin tsoro. 'Yan damfara kan saya da arha, su baza zuzutawa a WhatsApp da Telegram, jama'a na shigowa su fice.

In ka yanke shawarar shiga, ba dillali umarni mai ƙayyadadden farashi, wato kada ya saya sama da farashin da ka sa, domin a mintunan farko bayan labari tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa kan buɗe. Lissafa asara tukuna. Mai jarin dala 10,000 da ya amince ya rasa kashi 1, wato dala 100, in zai sayi kowane hannun jari a dala 50 ya sayar in ya faɗo zuwa 45, hannun jari 20 kawai zai ɗauka. Ko wannan iyakar ba garanti ba ce: labari mara daɗi ya fito da dare, kasuwa na iya buɗewa a 40.

Sirrin da ma'aikacin kamfani ya tsegunta maka kuwa, ciniki da shi laifi ne a yawancin ƙasashe.